Kawu Liman Ya Maƙale a Bayan 'Yar Gata

'Yan kulob ɗinmu na tsofaffin motoci, yau tsohuwar motata ta kulle limami!

Kun san 'Yar Gata, mai ƙofa biyun nan. Da safe na ɗauko Kawu Liman daga Illela, zai raɗa sunan ɗan ƙanena a Araba. Na buɗe mishi gaba. Ya ce, "Mi? Babba a gaba kamar yaron mota? Baya nika zama."

Na kwantar da kujera ya shige.

Munka isa, na ja ƙarfen da ke kwantar da kujerar. Ƙaras! Ya karye a hannuna! Ta direba kuwa ta shekara ba ta kwantawa. Kawu ga jiki, ga ciwon gwiwa, tsallakowa ba ta yiwuwa.

Jama'a na jira, ga rago ɗaure. Sai anka jawo tabarmi gindin mota. Ta 'yar tagar baya Kawu ya raɗa suna, gumi na zuba, kowa na amin yana danne dariya.

Ƙanena ya kira mai walda, wai a yanke kujera. Na tare ƙofa na ce, "Ta asali ce! Ko a kasuwar Kwanni babu irinta!"

Kawu ya leƙo ya ce, "Bello, kujera ko kawunka?"

Wallahi sai da na sake duban kujerar.

Yanzu haka yana ciki, ana miƙa mishi fura ta taga, ya ƙi kallona. Don Allah wa ke da ƙarfen nan? Azahar ta gabato, kuma shi ke jan sallah!