Hoton da Ita Ta Ɗauka

Duk wanda ya taɓa bin layi a asibitin nan ya san Anti Mai Kati, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta ta taga. Shekara goma sha tara tana ɗakin ajiye katunan marasa lafiya, ɗaki mai kanta bakwai, da fanka mai kuka, da wani tsanin ƙarfe da ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran. Ka faɗi lambarka, kafin ka rufe baki ta zaro fayil ɗinka. Sabbin ma'aikata kuwa karatu ɗaya take fara ba su, kuma da faɗa take bayarwa: "Littafin rajista ba shi ne fayil ba. Nuni kawai yake yi. In ka ga suna a littafi, taka ka je kanta ka taɓa fayil ɗin da hannunka." Suna kwaikwayonta a bayan idonta, tana ji, ko a jikinta, don ba a taɓa ɓatar da kati a hannunta ba.

Mijinta mai ɗaukar hoto ne. Ya ɗauki rabin mutanen unguwa, jarirai da ɗalibai da tsofaffi masu neman fasfo, amma shi da an juyo masa da kyamara sai ya kare fuska da tafin hannu. Wanzami dai ba ya son jarfa. Hotonsa na kirki ɗaya ne a duniya, kuma ita ta ɗauka. Wata Asabar yana tsugune yana gyara ƙofar ɗakin girki, ta ɗauki kyamarar a kan tebur ta kira shi, ya waiwayo yana dariya yana cewa, "Ajiye, za ki fasa mini abin cin abinci!" Ta danna.

Ciwon kwana tara ya ɗauke shi. Wata huɗu ta kasa kallon teburinsa, ranar da ta iya kuwa sai ta tashi masa haiƙan kamar mai fushi da shi. A cikin kayan akwai faifan ajiya guda uku, irin ƙananan akwatunan nan da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda ake jona wa kwamfuta da waya: ja, shuɗi da baƙi. Auta, ƙanin marigayin, yana ɗaukar bidiyo a wurin taro, ya ce yana so.

"Amma matar Yaya, kin duba babu komai a ciki?"

Ta buɗe kwamfutar, ta shiga manhajar hotuna, ga su nan jere reras, dubbai. "Ba ka gani? Duk suna nan. Goge ka yi aikinka."

"Da dai kin bari an sake dubawa."

"Ni za ka koya wa ajiya? Tun kana yawo da gajeren wando nake ajiye fayil."

Auta ya yi dariya, ya kwashe su ya tafi. Shekara biyu ke nan.

Abin da ya tayar da maganar Inna ce, mahaifiyar marigayin. Idonta ya daɗe yana ja baya, likita kuma ya faɗa wa Anti a gefe cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma ba zai daɗe ba. Ran nan ta je gaishe ta, ta nuna mata hoton a waya kamar yadda ta saba, tsohuwar ta kai shi har bakin hanci ta mayar.

"'Yar nan, kamar ƙuda nake ganinsa a cikin abin nan. Ki sa a fitar mini da yaron nan babba, kamar faranti, tun ina ganin wani abu."

"An gama, Inna. Jibi zan kawo."

Washegari da ta tashi daga aiki ta ɗauki kwamfutar ta nufi shagon Dogo mai wanke hotuna, tsohon abokin mijinta. Ya share mata kujera, ya nemo hoton, ya tsaya yana kallonsa har ya manta da ita. Da ya danna don ya buɗe shi babba, sai wani rubutu ya fito. Ya sake dannawa, rubutun ya sake fitowa.

"Anti, ina asalin?"

"Wane asali? Ga shi nan kana gani."

"Wannan ɗan ƙarami ne da manhajar ke riƙewa don a gane hoto. Bari mu tambaye ta inda babban yake."

Ya danna wurin bayani, wani ɗan akwati ya buɗe a gefe. Komai yana nan a rubuce, tsaf. Lambar fayil. Asabar, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. Irin kyamarar. Faɗinsa ɗigo dubu shida, wanda Dogo ya ce ya isa a rufe rabin bango. Can ƙasa kuma layin da ke nuna inda hoton yake zaune. Dogo ya bi shi da yatsa yana karantawa: baƙin faifai, cikin foldar da aka sa wa suna Gida, cikinta kuma wata folda mai hoto ɗaya tak, marigayin ya sa mata suna Ita Ta Ɗauka.

"Kawo baƙin faifan kawai," in ji Dogo. "Manhajar nan kamar rajista take, nuni take yi. Kayan suna can."

Da wani ne aka yi wa wannan bayani, da sai an maimaita. Ita tun kafin ya rufe baki ta gane, gane irin na wanda aka mara da tafin hannunsa. Shekara goma sha tara tana cika wa mutane kunne da wannan magana, ita kuma ta ga suna a littafi ba ta taka ta je kanta ba. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya. Ta miƙe ba ta ko yi masa sallama ba.

Ta samu Auta a ƙofar gidansa yana naɗe wayoyi. Ya fara tsokanarta kamar kullum, da ya ga fuskarta ya bari.

"Baƙin faifan nan, yana nan?"

"Yana nan. Me ya faru?"

"Ka goge?"

Ya ce a hankali, "Ke kika ce in goge."

"Na san ni na ce! Tambayarka nake yi."

"Tun a makon. Kuma na cika shi na sake gogewa ya fi sau ashirin."

Duk da haka suka kai wa Dogo, ya kai wa wani da ya fi shi sani. Kwana huɗu ana nema. Abin da aka tono bidiyon taron mutanen da ba ta sani ba ne, suna tafi suna ɗaga hannu. A kwanakin nan, karo na farko a rayuwarta, ta saka katin wani a kantar da ba tasa ba, sai da wata sabuwar ma'aikaciya ta nemo shi. Ba wanda ya yi dariya, wannan ma ya fi yi mata ciwo.

Jibin da ta yi alkawari ya zama mako. Inna ta aiko sau biyu. A ƙarshe ta ce wa Dogo ya buga ƙaramin hakanan, ya ja shi ya kai girman faranti. Ya ce ba zai yi kyau ba, ta ce ta sani. Abin da ya fito mutum ne a tsugune, akwai alamar riga, akwai farin haƙora, amma fuskar ta narke kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Da hantsi ta kai. Inna ta sa aka fitar mata da kujera bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta goge hannu a zani, ta karɓa. Ta matso da shi, ta nisanta shi, ta karkata shi wajen rana.

"Shi ke nan," in ji ta. "Idon ya gama tafiya. Ga shi babba a hannuna, amma ba na ganin yaron nan. Na makara, 'yar nan."

Ƙofar tsira ce a buɗe. Da Anti ta yi shiru, da magana ta mutu a nan, babu mai tuhumarta har abada, tsohuwa ta ɗauki laifin ta ɗora wa idonta. Ta ji shirun yana janta, kuma ta tsani kanta da ta ji hakan. Sai ta durƙusa a gaban kujerar.

"Inna, ba idonki ba ne. Ko ni haka nake ganinsa. Hoton ne ya lalace, kuma ni na lalata shi. Mai kyan yana cikin wani abu da na bayar aka goge, an ce in duba na ƙi."

Inna ta sauke hoton a kan cinyarta. Ta daɗe tana shafa takardar da babban yatsa, daidai inda fuskar ya kamata ta kasance.

"Ke da kika ɗauka, kin gan shi sarai a ranar?"

"Na gan shi."

"To faɗa mini."

Anti ta share ido ta fara. Ta faɗi ranar da lokacin, har mintin. Ta faɗi rigar, mai ruwan toka, hannu a naɗe. Ta faɗi ƙusa biyu da ya riƙe a hannu, da yadda ya waiwayo, da abin da ya ce. Ta zo kan tabon da ke girarsa, ta ce, "Ga tabon nan nasa a girar..." sai ta tsaya. Dama ce ko hagu? Ta rufe ido ta neme shi, ta rasa. Shekara biyu kacal. Kuka ya ƙwace mata.

Inna ta lalubo kanta ta dafa.

"Hagu," in ji ta. "Bakin murhu ya faɗa yana shekara uku, ni na ɗaure masa. Ci gaba."