Keken Yaya Sadiƙ Marar Birki

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sadiƙ, kuma har yanzu in na ji ƙarar tifa sai in koma gefe har ta wuce.

Duk Nasarawo an san shi da kekensa. Da hannunsa ya haɗa abinsa a Bolari: ba giya, ba birki, muddin tayar baya na juyawa feda ma sai ta juya. Da ƙarfin cinya yake tsayawa. 'Yan acaɓa kan tsokane shi, "Sadiƙ, talauci ne ya hana ka sayen birki?" Sai ya ce, "Ku masu shi, yaushe rabonku da takawa?" Ina ƙarama yakan ɗora ni a sandar gaba mu nufi Gabukka bayan la'asar, ina ihu, yana dariya.

Tifa ce ta ƙwace a gangara ta same shi tsaye a bakin titi. Keken ko ƙwarzane bai yi ba.

Tun sadakar arba'in Inna ke son bayar da shi, ladan ya kai ga mai shi. Ni na hana. Gani nake wanda ya karɓa zai hau kamar kowane keke, ya nemi hutar da ƙafa a gangara, feda ta watsar da shi gaban mota. Inna ta ce, "Maryama, tsoronki ya tsare wa ɗan'uwanki lada." Maganar ta zauna mini.

Makon jiya na fito da keken daga zaure, na tura shi har Bolari wurin mai gyara. Keke Napep sun cika titi fiye da da. Da Yaya yana nan, na san cewa zai yi gari ya ƙara daɗin ratsawa. Ina turawa feda na juyawa ba ƙafar kowa a kai, sai da na tsaya na share hawaye.

Buba mai gyaran keke, abokin Yaya ne, ya tambaye ni, "Ƙanwata, in mayar da shi irin na kowa?" Na ce ya sa birki kawai.

Maƙwabcinmu mai tallan burodi za a ba. Ni zan nuna masa yadda ake hawa, don a gidanmu ni kaɗai Yaya ya koya wa. Allah Ya kai ladan kabarinsa.