Ɗan Farin Kawu a Ramin Farar Ƙasa

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, ina shekara goma sha ɗaya, aka ɗora ni a bayan akori-kura a Taba da kwanon dambu a cinya. Ni ba 'yar makaranta ba ce. Ni ce mai surfe, mai ɗebo ruwa, mai korar tsuntsu a gona. Biro kuwa sai da na aurar da 'yata ta biyu na riƙe shi. Kawu Isa, ƙanen innata, shi ne malamin da ya shirya tafiyar don 'yan makarantarsu su ga inda ake haƙar arzikin ƙasa, ni kuma aka ce in bi su in raba abinci. Cikin yaran akwai Habu, ɗan farin Kawu, mai shekara takwas. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane, saboda kunyar ɗan fari. In ta kama dole sai ya ce "wancan yaron".

Mun fara tsayawa a wajen Makarfi, a wani ramin marmara da masu aikin hanya suka bari tsakanin gonakin rake. Kawu ya nuna mana bangon ramin, baƙar ƙasa a sama, ja a tsakiya, tsakuwa can ƙasa, kowace da layinta. Daga nan sai wurin fasa dutse, inda ya ɗauki ɓarɓashi ya ce mu duba ƙyallin da ke ciki. "Dutse ma ruɓewa yake yi," in ji shi, "in ya ruɓe shi ne farar ƙasar da iyayenku ke shafe ɗaki da ita." Na ce, "Kawu, dutse ai ba tumatir ba ne." Ya ce in jira mu isa.

Bayan azahar muka isa ramukan farar ƙasa a gaba da Ikara. Masu haƙa sukan nutsa ƙasa, sannan su karkata gefe kamar gafiya suna bin farin layin. Ba kowa a wurin, don da damina rufin ramin yana jiƙa, ba mai shiga. An ja mana kunne. Amma da malamai suka ta da la'asar, yara suka fara wasan ɓuya, hadari kuma ya taso baƙi ƙirin daga gabas. Aka sallame, aka ce kowa ya hau mota.

Ina kallon Kawu ya bi kawunan yara da ido, ya sake bi. Fuskarsa ta canza. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, an cika?" Kawu ya ce a hankali, "Kamar da saura." Iska ta kwashe maganar, direba ya ja mota. Kawu ya san wanda babu, amma ya tsai da mota cike da mutane a kan ɗan farinsa, bakinsa ya ƙi. Ni ba kunyar da ta ɗaure ni. Na cire murfin kwano na dinga dukan kan motar ina cewa Habu ba ya nan, har direba ya taka birki.

Muka bazu cikin ruwan da ya fara sauka, kowa na kiran Habu a bakin ramuka. Kawu na gaba da kowa, yana leƙawa, bakinsa a rufe. Wallahi na ji haushinsa har wuya. Can muka ji nishi. Rufin wani rami ya zaftare ya danne yaron zuwa ƙugu, ruwa kuma na gangarawa ciki. Ba fartanya, ba shebur. Kawu ya dira da kaftaninsa, ya shiga tono da hannu, ƙasa na zubo masa a baya, hedimasta na cewa ya fito kada su zama biyu. Kawu bai ɗago ba sai da ya zaro Habu. Ya miƙa wa direba, ya fito jini na ɗiga daga yatsunsa, ya kau da kai ya ce, "A duba ko yaron mutane ya ji ciwo."

Yau nakan wuce hanyar a motar haya. Ramukan sun cike, masara ce a kai. Iyayen yanzu kuwa sai ka ji uba na kiran ɗan farinsa a waya, da suna, har da dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Da ranar haka aka yi, da ba mu kai ga tono ba. Habu ya yi furfura, Kawu ya rasu ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Na daɗe ina riƙe da shi a kan shirun nan. Yanzu hannayensa na fi tunawa.