Isuhu ya sake shef

Jiya a Sabon Gari na ga maƙwabcina Isuhu bisa babur da jarkokin man gyaɗa, sanye da shuɗiyar rigar kamfanin matsar mai da ya sallame su bara. Tun lokacin yake zaune gida, ga iyali.

Na ce, "Isuhu, kamfanin ya maido ku ne?"

Ya ce, "Ina! Na sake shef, yanzu sana'ar gida nake. Innata ce, a Tsibiri. Ita ke matsewa, ni ke rabawa shaguna."

"Innar da kake cewa aikinta na mutanen da ne?"

Ya yi dariya. "Ita hwa! Akwai faɗa, amma ba ta kora."

Nan take na sayi kwalba guda. Ku fa, wace sana'ar gida kuka raina?