Platan ɗin Hajiya

Ina cikin shafa jan fenti a jikin wani babban iccen platan a Vénissieux, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Aikina ke nan a mairie, wato ofishin magajin gari, kula da itatuwan unguwa.

Wata Hajiya ce mutuniyar Tahoua, kullum nan take zama da tazbaharta.

"Ɗana, mi ya yi muku?"

Na ce, "Inna, cuta ta kama shi. In ba mu sare shi ba, za ta bi sauran duka."

Ta ce shekarar da ta zo Faransa ba ta jin faransanci ko kaɗan, nan ƙarƙashinsa take zama in kewar gida ta dame ta.

"In kun dasa wani, zan ga inuwarsa?"

Na kasa yi mata ƙarya. Na ce sai an yi shekaru da yawa.

Sai ta ce, "To, ku dasa. Ni ma ban san wanda ya dasa wannan ba."

Wallahi da ƙyar na ƙarasa aikin. Ku fa, inuwar wa kuke sha ba ku san shi ba?