Ashirin da Biyu a Jinin Inna

Ni ce 'yar farin Inna, shi ya sa tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Bafulatana ce ta gidan kunya, a Katagum aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta tsufa. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, kamar yadda aka saba. In Inna za ta yi zancena sai ta ce "wannan", da na fara koyarwa a Azare kuma na koma "malamarku". Ba ta cin abinci a gabana. Ciwo kuwa, ko zai kashe ta, ba za ta ce wash ina wurin ba. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na taso na tarar.

Da damina na ga ƙululu a wuyanta. Na je gaishe ta wata Juma'a, fadama ta cika ta batse, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu na takawa a ciki kamar ba su da wurin zuwa. Inna na zaune a gindin darbejiya tana tsintar wake. Ta ɗaga kai za ta sha ruwa, mayafinta ya zame, sai na ga wani abu kamar goro a gefen maƙogwaronta, ya hau ya sauka tare da haɗiyar.

Na kalli katanga na ce, "Wuyan nan fa sai an kai shi asibiti."

Ta kalli wakenta ta ce, "Maƙoƙo ne na tsufa."

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Sati bai zagayo ba na sa ta a mota sai Azare.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya taɓa wuyan, ya sa aka yi hoto, sannan ya ce za a ɗebi jini a aika Kano. Kafin a ɗiba ya yi tambayoyi. Tana da ciwon ƙoda? Tana shan taba? Akwai maganin da take sha kullum? Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani. Ni uwar iyawa na karɓe.

"Ba ta shan komai, likita. Ko na ciwon kai sai an yi da gaske."

"Hajiya, haka ne?"

Ta ɗan gyaɗa kai. Ya rubuta.

Bayan kwana goma muka koma. Ya juyo da takardar gabana ya ɗora biro a kan wata lamba. Ya ce a cikin tsokar nan ta wuya akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke fitar da wani sinadari, sunansa kalsitonin. Akwai nau'in ciwon daji da ke kama su, in ya kama sai sinadarin ya yi yawa a jini. In lamba ta gaza goma, hankali kwance. In ta haura ɗari, kusan babu tantama. Ta Inna ashirin da biyu ce.

Na ce, "To, akwai ko babu?"

Ya ce, "Lambar ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Taba kan ɗaga ta kaɗan, haka ciwon ƙoda, haka wasu magunguna. Amma Hajiya ba ta da ko ɗaya, shi ya sa ban saki jiki ba."

Ya ce za a sake gwaji. In ta tsaya a nan ko ta ƙaru, zai tura mu Kano, ƙila a yi aiki a cire tsokar gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa irin wannan ciwo wani lokaci yana bin jini, in ya tabbata sai an gwada 'ya'yanta duka. A nan ne kaɗai Inna ta ɗaga kai, ta dube shi, ta sake sunkuyawa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Inna ta zauna a gidana. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi duhu ta gabas, ya watse ba ruwa. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai in ga fadamar Katagum, ruwa ya kai gwiwa, Inna na tafiya a ciki da ƙwarya a ka, ba ta waiwaye, ni kuma ina binta ba na cim mata. Ashirin da biyu ta bi ni ko'ina. A lambar mota, a shafin littafi, a kalandar ofis. In na dawo in tarar da ita a barandar tsakar gida, tana jan carbi, ƙululun na hawa yana sauka. In zura wa wuyan ido ina ƙiyasta inda wuƙa za ta bi, har sai ta ja mayafi ta rufe.

Akwai wata mai kemis kusa da kasuwa, 'yar kudu ce, ta fi shekara ashirin a Azare, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Madam muke ce mata. Na shiga sayen maganin mura, tana miƙo mini ta ce, "Malama, yaya cikin Mama? Wannan watan ƙanwarki ba ta zo karɓar mata kafso ba."

"Wane kafso?"

"Na olsa mana. Ai ta fi shekara uku tana sha, ɗaya kullum da safe."

Autarmu tana aure a Azare, ita ce 'yar lelen Inna, da ita ake hira har da shewa. Daga kemis gidanta na zarce, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ke! Shekara uku Inna na shan magani ban sani ba?"

Ta ce, "Yaya, to wa zai gaya miki? Ta ce kar malamarku ta ji. Watan jiya ma kwali biyu na saya mata, shi ya sa ban je ba."

Na yi faɗa har muryata ta dushe, alhali na san ba laifinta ba ne. Ni na zauna a ɗakin likita na toshe wa uwata baki da zamana, na kuma ba da shaida a kan abin da ban sani ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta al'ada ba.

Washegari na ɗauki Inna muka kai wa likita kwalin kafson. Ya juya shi ya ce, "Ikon Allah. Ai wannan na cikin masu ɗaga lambar." Wata nas 'yar Shira da ke tsaye ta dube ni ta dubi Inna ta ce, "'Yar fari ce ko? Malama, ɗan ba mu wuri." Na fita na zauna a benci. Ta ƙofa ina jiyo muryar Inna, tana ta zuba kamar an buɗe famfo. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba.

Likita ya sa ta dakatar da kafson na wata guda, ya ba ta wani na ruwa a madadinsa. Ƙwannafi ya dawo mata. Ina ganin tana dafe ƙirji bayan cin abinci, da ta ji motsina sai ta sauke hannu. Na koyi aje mata kunu in bar wurin.

Aka sake ɗibar jini, da safe, ba ta karya ba. Ranar sakamako na tsaya a bakin ƙofa, nas ta ce in shigo. Likita ya ce, "Huɗu." Ya ce za a riƙa duba ƙululun lokaci zuwa lokaci, amma maganar aiki babu ita yanzu. Na yi hamdala.

Inna ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Likita, to wannan fa? Ka ce yana bin jini."

Ya ce tunda ba a same shi a jikinta ba, babu buƙata.

Ta ce, "A dai duba ta."

Ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta.

Da hantsi na raka ta tashar Katagum. An yi yayyafi, ƙasa na ƙamshi, direba na ɗaure kaya. Har ta sa ƙafa ɗaya a mota sai ta sauko, ta matso kamar za ta gyara mini mayafi. Yatsunta suka tsaya a maƙogwarona, masu sanyi, masu kaushi. Ta danna nan, ta danna can, yadda ta ga likita ya yi mata.

Ta ce, "Haɗiyi yawu."

Ni ta gaya wa, ba katanga ba. Na yi ƙoƙari, ya ƙi wucewa. Sai a karo na biyu.

Ta sauke hannu, ta kalli titi ta ce, "Babu komai." Ta shiga mota ta ja mayafi ta rufe fuska.