Kwalbar Turaren Gwaggo Sahura a Taragon Mata

Watan Sha'aban ɗin nan ya cika shekara biyar da rasuwar Gwaggo Sahura. Ƙanwar mahaifin maigidana ce, 'yar kasuwa mai sarin turare da abaya, takan zo Dubai daga Kano ta sauka a ɗan gidan hayarmu na Deira. A wurinmu ta rasu, cikin makonnin da aka kulle gari saboda korona, lokacin da har jirgin ƙasan cikin gari, wato metiro, aka tsayar da shi cak. Ni ban yi nisa a boko ba, aji huɗu na tsaya, rubutun nan ma kwana shida na yi ina yin sa a waya ina gogewa. Amma na ga idan ban faɗa ba, babu wanda zai faɗi abin da matar nan ta yi mini a cikin jirgi, don mu uku ne muke tafiyar, ta ukun kuwa lokacin a goye take.

Ta ukun ita ce 'yata Husna, wadda aka haifa da sikila. Duk wata sai an kai ta ganin likita a wani asibiti can wajen Kusais. Abban Husna a siton kayan mota yake aiki a Ras Al Khor, yana idar da sallar asuba yake fita. Watan da Gwaggo ba ta gari shi yake roƙon hutun rabin yini ya kai mu. Watan da take nan kuwa sai ta ce ya tafi aikinsa, ita da ƙawarta za su shiga jirgi. Haka take kiran Husna, ƙawata.

Ni irin mutanen nan ce da ke duba gas sau uku kafin su fita, su dawo daga bakin lif su sake dubawa. Jirgin nan kuwa duk abin da nake tsoro ya haɗa. Ba shi da direba. Ƙofarsa ba ta jiran kowa. Daga unguwarmu a ƙarƙashin ƙasa yake tashi, can sai ya ɓullo ya haye kan ginshiƙai, ka ga motoci a ƙasanka kamar kwalayen ashana. Sunayen tashoshi na Turanci kafin in haɗa baƙi biyu sun wuce. Na Larabcin kuma babu wasali ko ɗaya, ni kuwa da wasali na iya karatu a Islamiyya.

Gwaggo ma ba ta jin Turanci, Larabcinta bai wuce na ciniki ba. Amma tana da hanyarta, kuma kashi biyu ce.

Kashi na farko ido ne. Da jirgi ya fito daga rami sai ta zaunar da ni gefen taga ta ce, “Bilki, daina kallon rubutu, kalli gari.” Da farko masallaci mai hasumiya biyu. Sai wani rufin bene da aka jera tankunan ruwa farare, tattabaru na sauka a kansu. Sai wani dogon gini da ba a gama ba, an lulluɓe shi da koren raga, ga injin ɗaga kaya ruwan ɗorawa tsaye a kansa. Idan kin ga koren raga, ki gyara goyo ki miƙe, tasha ta gaba taku ce. Wannan darasi na ɗauke shi tsaf, don Allah bai hana ni ido ba. Har na fi ta, ni nake nuna mata cewa an ƙara tanki ɗaya.

Kashi na biyun ne na tsana. Da mun shiga taragon mata da yara, Gwaggo sai ta yi sallama da ƙarfi kamar ta shiga gidan suna. Ta zaɓi mace ɗaya, ko 'yar Indiya ce ko 'yar Filifin ko Balarabiya, ta zauna kusa da ita, ta zaro wata 'yar kwalbar turaren mai daga jaka ta ɗiga mata a wuyan hannu. Sannan ta nuna mata katin asibitin Husna ta ce, “Habibti, nan za mu. Ki tashe mu.” Ban da habibtin, wato masoyiyata da Larabci, da Hausa take faɗa, kuma abin mamaki suna ganewa. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi ta gyara hular Husna.

Wata rana da muka sauka na ce, “Gwaggo, don Allah ki bar wannan abu. Ai mun san hanya. Kallon 'yan ƙauye suke mana.”

Ta ce, “To daga ina muka fito, daga Landan? Ke 'yar nan, gini ba ya juyowa ya ce miki kin wuce. Mutum ne yake juyowa.”

Na ce to, amma a raina ban yarda ba.

Tafiyarmu ta ƙarshe tare, ba mu san ita ce ta ƙarshe ba. Mutane sun fara sa takunkumi, tarago ya yi sarari. Matar da Gwaggo ta miƙa wa turare ta janye hannunta tana ba da haƙuri. Gwaggo ta yi dariya ta shafa wa kanta. Ba a jima ba aka rufe filin jirgin sama, ta maƙale a wurinmu da kayanta a ɗaure. Daga baya aka tsayar da metiron. Ban taɓa zaton abin da ba shi da direba ma ana iya ce masa ya zauna a gida ba. Dama Gwaggo tana da hawan jini da ciwon zuciya. Saura kwanaki kaɗan a fara azumi, da hantsi, tana zaune kan darduma ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa. Mutum kaɗan aka bari suka raka ta, a nan ƙasar aka binne ta. Kayan kasuwarta an tura wa 'ya'yanta ta jirgin dakon kaya. Kwalbar nan ce kawai na tsinta a aljihun jakar Husna, ban san yaushe ta saka ba.

An buɗe jirgi cikin azumi, amma ni ban je kusa da shi ba sai bayan watanni. A tsakanin nan likita ta waya yake duba mu, ko Abban Husna ya kai mu da motar abokinsa. Sai aka rage ma'aikata a sitonsu, waɗanda suka rage babu mai bakin neman hutu. Ya zaunar da ni, ba da faɗa ba, ya ce, “Bilki, idan ba za ki iya kai ta da kanki ba, sai dai ku koma Kano wurin Hajiyata har abubuwa su daidaita.” Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san likitan nan tun Husna na jaririya ya san jininta, ya san irin kukan da take yi idan ciwon zai tashi. Ba na so a raba ta da shi saboda uwarta na tsoron ƙofa.

Ranar na fita da wuri, na duba gas sau huɗu. Taragon mata shiru, kowa fuska a rufe, an manna takarda a kan kujeru don kada a zauna kusa da juna. Ban yi wa kowa sallama ba. Na kama taga. Masallaci ya wuce. Tankuna suka wuce, har tattabarun suna nan. Na zuba ido ina jiran koren raga.

Babu koren raga. Ashe duk zaman da muka yi a kulle, magina ba su zauna ba. Sun gama ginin, sun cire raga, sun sauke injin, ya zama gilashi mai sheƙi irin sauran. Ni kuwa ina zaune ina jiran abin da babu shi, tasha na wucewa bayan tasha, har jirgi ya tsaya inda hanyarsa ta ƙare, kowa ya fita. Na tsaya a kan dandamalin tashar. Na taɓa tafin hannun Husna na ji kamar da ɗumi, ko kuwa nawa ne ya yi sanyi, har yau ban sani ba. Na ɗauko waya zan kira Abbanta, sai na tuna kiran nan shi ne tikitinmu na komawa Kano. Na mayar da ita jaka. A nan hannuna ya ci karo da kwalbar.

Na shiga jirgin da zai koma. Na yi sallama, muryar ta fito kamar ta mai mura. Mace ɗaya ta amsa, wata doguwa mai lulluɓi irin na 'yan Sudan. Na tsaya nesa da ita kamar yadda doka ta ce, na ɗaga katin asibiti da hannu ɗaya, kwalba da ɗayan, na ce da Hausa, “Baiwar Allah, nan za mu.” Ta leƙo ta karanta, ta ɗaga mini yatsu uku. Duk tashar da muka wuce sai ta naɗe ɗaya. Da ta naɗe na ƙarshe ta miƙe ta yafito ni ta ce, “Yalla, yalla!” wato mu tafi. Kafin ƙofa ta buɗe ta zuge hannun rigarta ta miƙo mini wuyan hannu da kanta. Na ɗiga mata daga sama ba tare da na taɓa ta ba. Mun makara da kusan rabin awa, amma an duba mu. Likita ya ce babu zazzaɓi. Na zauna a kan benci na yi kukan da ban samu damar yi ba ranar rasuwa.

Ba mu koma Kano ba. Sai bayan shekara guda na ba Abban Husna labarin ƙarshen layi, ya yi dariya.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga jirgin yau. Ya cika fiye da da, wani lokacin ko wurin tsayawa babu, kowa kansa a cikin waya da abu toshe a kunne. Wasu tashoshin an canza musu suna. Rufin tankunan nan ma an rushe benen. A cikin alamominta uku masallaci ne kawai ya rage. Ina jin ba za ta damu ba. Za ta taɓa kafaɗar yarinyar da ke kusa da ita har sai ta cire abin kunnen. Akwai wata 'yar Filifin da ta tare ni bara, ta shinshina iska ta nuna kujerar da ke gefena tana tambaya da ido ina tsohuwar nan mai turare. Na nuna mata sama. Ta dafa ƙirji.

Har yanzu ina da tsoro, ban warke ba. Idan Husna ta ce ƙafarta na ciwo, zuciyata sai ta tsinke. Amma shekara biyar ke nan ba mu rasa ranar likita ko ɗaya ba, kuma yarinyar ta shiga shekara ta takwas, tana makaranta, tana karanta sunan kowace tasha da Turanci da Larabci tun kafin a faɗa. Kwalbar ta ƙare tuni, a Deira nake sake cika ta. Allah Ya ji ƙan Gwaggo Sahura, Ya sanyaya makwancinta, Ya sa Aljanna ce tasharta.

Watan jiya da muka shiga tarago na yi sallama, na zaɓi mace ɗaya, na zaro kwalba. Husna ta ja mini mayafi, kanta a sunkuye, ta ce ƙasa-ƙasa, “Mama, don Allah ki bari. Ai na iya karantawa. Kallonmu ake yi.”

Na ce, “Na sani, ƙawar Gwaggo. Ke ki karanta, ni in gaisa.”